Amsa kan ciyawar makamashi, takin dabbobi da ƙwayoyin halittar ƙasa

Assalamu alaikum, jama'a. Malam, na saurari tambayar da ka ajiye, inda kake son sanin wanne ya fi ƙara ƙwayoyin halitta a ƙasar gona, shuka ciyawar makamashi ko zuba takin dabbobi. Na ga wasu sun riga sun ba ka amsa a gurguje, wannan ya ce ciyawa, wancan ya ce taki. Ni a fahimtata, abin da ke ranka shi ne ko mutumin da ya shuka wannan ciyawa a gonar da ta gaji zai iya hutar da kansa daga wahalar jidar taki. Wannan zan amsa, kuma amsar ita ce ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya.

Ciyawar da ake nomawa domin makamashi, irin su miskantus da ta samo asali daga gabashin Asiya, da siwicgiras ta filayen Amurka, da ciyawar Napier, abin da ya haɗa su shi ne sau ɗaya ake shuka su, su yi shekaru suna tofowa daga gindi. Miskantus takan kai shekara 15 zuwa 20 a gona ba a sake huɗa ba, siwicgiras kuwa saiwarta takan nutsa har kusan mita 3. To, a nan amfanin yake, domin saiwa mai rai ba ta daina zubar da wani ɓangare na sukarin da ganye ya haɗa daga hasken rana, kuma wannan shi ne abincin ƙwayoyin da ke zagaye da ita. A gonar hatsi wata uku ko huɗu kawai ake samun wannan abinci, daga nan a girbe, a bar ƙasa tsirara, a zo da garma a birkice ta. A ƙarƙashin ciyawa mai daɗewa kuwa abincin ba ya yankewa gaba ɗaya, kuma ba a rushe musu mazauni.

Waɗanda suka fi cin moriyar wannan su ne dangin funfuna, wato fungai, musamman masu shiga cikin saiwa da ake kira maikoraiza. Suna miƙa zarurruka siraran da suka fi gashi ƙanƙanta, su ɗebo wa shuka sinadarin fosforas da ruwa daga inda saiwa ba ta kaiwa, ita kuma ta biya su da sukari. Duk lokacin da garma ta ratsa, waɗannan zarurruka take tsinkewa. Idan ka sami gonar da ciyawa ta yi shekara uku ko huɗu, ka sa fartanya ka ɗago gindi ɗaya, za ka ga ƙasa ta manne wa saiwa dunƙule-dunƙule, ko ka girgiza ba ta zubewa kamar gari, kuma in ka murza dunƙulen za ka ji shi da laushi da ƙanshin danshi. Saiwa da zarurrukan fungai da danƙon da bakteriya ke fitarwa ne suka ɗaure shi haka, kuma ta ƙofofin da ke tsakanin dunƙulen ne ruwa da iska ke shiga.

Amma fa kada a manta da dalilin noman wannan ciyawa. Yanke ta ake yi a kwashe, a ƙona don samar da wuta ko a sarrafa ta ta zama mai ko gas. Duk abin da aka kwashe ya bar gonar ke nan. Shi ya sa lokacin yanka yake da muhimmanci ƙwarai. Manoman miskantus a Turai ba sa yankanta tana ɗanya, sai sanyin hunturu ya busar da ita, domin kafin ta bushe takan mayar da yawancin naitrojin ɗinta zuwa gindin da ke ƙarƙashin ƙasa, ganyenta kuma ya zube ya rufe ƙasa. Jiran yakan rage nauyin girbi da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma wannan ragin bai ɓata ba, ƙasa ce ta ci. Wanda ke yankan ciyawa ɗanya sau da yawa a shekara, kamar yadda ake yi wa Napier, shi yana kwashe naitrojin da fotashiyam da yawa, kuma in bai mayar da komai ba gonar za ta rame ko da ba ta ga garma ba.

A nan taki yake shigowa. Takin dabbobi abinci ne da aka riga aka tauna, yana ɗauke da kabon da naitrojin a ma'aunin da bakteriya ke iya ci nan take, shi ya sa cikin 'yan makonni da zuba shi yawansu da numfashinsu ke tashi. Busasshen ganyen ciyawa kuwa kabon ne ya yi masa yawa, naitrojin kaɗan, kuma duk abin da kabon ɗinsa ya zarce naitrojin fiye da ninki 30, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sai sun ranci naitrojin daga ƙasa kafin su iya aikin. Wannan ne ke sa shuka ta yi ɗorawa na ɗan lokaci a inda aka binne kara da yawa. Taki kaɗan yana cike wannan giɓi.

Kun san ba na magana kan taki ban ambaci Rothamsted ba, kuma yau ma sai na ambace ta. A wannan cibiyar binciken noma ta Ingila, masana biyu, Lawes da Gilbert, sun fara gwajin alkama a filin Broadbalk a shekarar 1843, kuma har yau ana ci gaba da shi. Akwai fegin da ake zuba wa tan 35 na takin dabbobi a kowace hekta duk shekara, akwai wanda ake ba takin zamani kawai, akwai wanda ba a ba shi komai. Amfanin gona na fegin takin zamani yana gogayya da na takin dabbobi, wannan gaskiya ne, amma kabon ɗin da ke cikin ƙasar fegin takin dabbobi ya ninka na sauran fiye da sau biyu, kuma ƙwayoyin halittarsa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya fi ɗaukar hankalina ma shi ne filin sha'ir na Hoosfield da aka fara a 1852. Wani fegi an zuba masa taki shekara ashirin, aka daina a 1871, amma fiye da shekara 100 bayan haka ƙasarsa tana nan ta fi ta fegin da bai taɓa ganin taki ba. Waɗanda suka zuba takin sun rasu, jikokinsu ma sun rasu, ƙasa ba ta gama cinye abin da aka ba ta ba. Na san filayen hatsi ne ba na ciyawar makamashi ba, kuma a ƙasa mai zafi abu yakan ruɓe da sauri fiye da haka, amma ina kawo shi ne saboda masu auna amfanin taki da damina ɗaya.

Wannan ya tuna mini da masu tallar ƙwayoyin halitta a kwalba, waɗanda a baya suka cika mana wannan zaure da hotuna, suna cewa murfi ɗaya a bokitin ruwa ya wadatar da hekta. Giram ɗaya na ƙasa mai kyau yana iya ɗaukar bakteriya har biliyan ɗaya. Ƙasar da ta gaji ba rashin iri ne ke damunta ba, yunwa ce, kuma wanda garkensa ya rame saboda rashin harawa ba ya gyara shi da sayo ƙarin dabbobi. Ban haɗa da maganin raizobiyam, wato bakteriyar da ke kamo wa wake naitrojin daga iska, da ake shafa wa irin waken suya ba, wannan an tabbatar da aikinsa, magana ce daban.

Sai dai in koma kan abin da na ce na taki kaɗan, domin kada wani ya ji ya je ya jibge. Yawan taki yana da nasa ɓarnar. Kashin kaji yana da fosforas mai yawa, kuma idan fosforas ya wadata a ƙasa shuka takan rage hulɗa da maikoraiza, tunda ba ta buƙatar sayen abin da take samu kyauta, ka ga an raunana abin da ciyawar ta zo ginawa. Haka nan akwai bakteriya masu kamo naitrojin daga iska da ke zaune a saiwa da karan ciyayi, waɗanda masaniyar kimiyya Johanna Döbereiner ta shafe shekaru tana bincike a kansu a Birazil, kuma an samu danginsu a jikin miskantus da Napier. Suna taimakawa, ko da yake ba su kai na wake ba, amma idan naitrojin ya yi yawa a ƙasa sai su daina aikin. Sannan idan aka zuba ɗanyen taki a ƙasa mai jiƙe sharkaf, wasu bakteriya kan juya naitrojin ɗin ya zama iskar naitros oksaid, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya kusa ninka na kabon dayoksaid sau 300. Ke nan an noma ciyawa don rage hayaƙi, an kuma fitar da wani ta ƙasa. Ɗanyen taki kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ragowar magungunan da aka ba dabbobi, waɗanda ruwan sama ke wankewa zuwa rafi.

Saboda haka, Malam, in gonar ta gaji sosai, ka zuba ruɓaɓɓen taki kafin shuka, domin shekara ɗaya ko biyu na farko ne ciyawar ke fama, saiwarta ba ta kafu ba, ciyayi na gasa da ita. Bayan ta kafu, yawan abin da za ka ƙara ya danganta da yawan abin da kake kwashewa da kuma ko ɗanya kake yanka ko busasshiya. Kuma kafin ka ɗauki ko buhu ɗaya ka kai ƙasar a auna tsaminta, domin tsamin ƙasa yana daga cikin manyan abubuwan da ke tantance irin bakteriyar da za su zauna a cikinta, kuma idan ya yi yawa sai an zuba farar ƙasa kafin takin ya yi aikin da kake nema.