Tambaya da Amsa: Ƙarin RAM zai hana kwamfutata sarƙewa a aikin bidiyo da katun?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Zengo, nan Damagaram. Ina ɗaukar bidiyon biki da suna da hawan sallah da wayata a 4K, ina yin montaj a laftof ɗin da na saya na hannu: Core i5 ƙarni na 6 mai harafin U, RAM giga 8, da tsohon faifai mai juyawa. Bidiyon yana tsinkewa in ina aiki. Kwanan nan na fara koyon katun na 3D a Blender, amma ɗan guntun aiki sai ya kwana yana rendarin, wato fitar da hotunan ƙarshe, wani lokaci kuran ya ɗauke in yi asara. Abokai sun ce in ƙara RAM. In ƙara, ko in tara kuɗin wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Matsaloli biyu ka kawo, kuma ba abu ɗaya ke jawo su ba, shi ya sa magani ɗaya ba zai ishe su ba.

Mu fara da tsinkewar bidiyo. Hoton 1080 yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da ɗoriya. Na 4K kuwa 3840 ne da 2160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu ke nan. Hoto guda na 4K in an buɗe shi sarai ya kai megabayit 25, kuma waya tana ɗaukar 30 a daƙiƙa. Don wannan ya shiga waya, sai ta matse shi da tsarin H.264 ko H.265. Dabarar matsewar ita ce ba kowane hoto ake adanawa cikakke ba: ana ajiye ɗaya cikakke, waɗanda ke biye sai a rubuta abin da ya canza kawai. Wajen kallo wannan ba ya da illa. Wajen montaj kuwa, duk lokacin da ka ja baya ko ka yi tsalle zuwa tsakiya, dole kwamfuta ta koma ga cikakken hoton ta sake gina na bayansa ɗaya bayan ɗaya. Hawan sallah ya fi komai wahala a nan, don dawaki na gudu, ƙura na tashi, kusan kowane ɗigo yana canzawa.

Kamfanin Intel ya sa wani sashe na musamman mai suna Quick Sync a furosesa, wato injin lissafin kwamfuta, tun 2011, don ya ɗauki wannan nauyi. Na ƙarni na 6 yana warware H.265 na bit 8 (ma'aunin zurfin launi) da kansa, amma cikakken tallafin bit 10 sai daga ƙarni na 7. Wayoyi da yawa in an kunna HDR, tsarin da ke faɗaɗa haske da launi, a bit 10 suke ɗauka. In haka wayarka take, aikin ya faɗa kan furosesa mai ƙwaya 2 kacal, wadda aka ƙera ta ci wat 15 don baturi ya daɗe. Abin da harafin U yake nufi ke nan.

To ina RAM a ciki? RAM kamar teburin tela ne: in ya yi ƙanƙanta, yadi yana zubewa ƙasa ana ta sunkuyawa, amma in ka faɗaɗa shi keken ɗinkin bai ƙara gudu ba. Kafin ka kashe ko dala, danna Ctrl, Shift da Esc tare lokacin da bidiyon ke tsinkewa, ka shiga shafin da ke nuna ƙoƙarin na'ura. Duba wanda ya cika. In furosesa ce ta kai 100 bisa 100 alhali RAM na da sauran wuri, ƙarin RAM ba zai canza maka komai ba. In RAM da faifai ne suka cika tare, to abokanka sun yi gaskiya. A irin na'urarka ina sa ran za ka ga furosesa da faifai ne suke kuka.

Saboda haka abin da zan fara saya shi ne SSD, ma'ajiyar bayanai marar juyawa da ke maye gurbin faifai. Faifai mai juyawa na laftof da wuya ya wuce megabayit 120 a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa yana kai 500 da wani abu. Bayansa sai RAM zuwa giga 16. Waɗannan biyu za su sa na'urar ta daina nauyi, amma ba za su mayar da ita injin 4K ba.

Abin da zai ba ka sauƙi yau, kyauta, shi ne firoksi. Premiere Pro da DaVinci Resolve da Kdenlive duk suna iya yi maka ƙananan kwafi masu sauƙin buɗewa, ka yi yanka da jeri a kansu, sai lokacin fitar da aiki manhajar ta koma kan na asali. Manyan kamfanonin fim ma haka suke yi, ba abin kunya ba ne. Kashe HDR a waya. Kuma ka tambayi kanka gaskiya: mai biki a ina zai kalla? WhatsApp da Facebook suna sake matse duk abin da ka tura. Ni a ganina 1080 mai haske da tsabtar sauti ya fi 4K mai rawa daraja a wurin amarya da danginta.

Katun kuma wata duniya ce. A can ba buɗe hoto ake yi ba, ƙirƙirarsa ake yi daga lissafi. Injin Cycles na Blender yana bin hanyar haske ne ɗigo bayan ɗigo, sau ɗaruruwa ko dubbai. Yi lissafin da kanka: minti 1 a hoto 25 kowace daƙiƙa hotuna 1500 ne. In kowane ya ci minti 2, awa 50 ke nan na'ura tana aiki ba tsayawa. Nan ne iyakar laftof ɗinka ta gaskiya, kuma RAM ko SSD ba sa taɓa ta. Furosesa ko katin zane, wato sashen da ke sarrafa hoto, su ke wannan aiki, kuma a laftof ɗinka a like suke, ba a sauya su.

Duk da haka kada ka bar Blender. Koma injin EEVEE, wanda ya zo da Blender 2.80 a 2019, yana fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi. In dole sai Cycles, rage adadin samfurin haske daga 4096 da yake zuwa da shi zuwa 128 ko 256, ka kunna mai share dusar hoto. Koyon motsi da tsara labari bai buƙatar babban inji.

Batun kuran kuwa, wannan ka riƙe shi da kyau: kada ka sake yin rendarin kai tsaye zuwa fayil ɗin bidiyo. Sa Blender ya fitar da hotuna ɗai-ɗai na PNG cikin jaka guda. In wuta ta ɗauke a hoto na 900, sai ka ci gaba daga na 901 in ta dawo, daga baya ka haɗa su su zama bidiyo cikin ƴan mintoci.

Akwai kuma abin da masu ba da shawara daga Turai ba sa lissafawa, wato zafin garinmu. Furosesa in ta kusanci digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A Afrilu da Mayu, da zafin Zinder ke wuce digiri 40, iskar da fanka ke ja ta riga ta yi zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska tun watannin baya. Manhajar HWiNFO kyauta ce, za ta nuna maka zafin. Kai na'urar wurin mai gyara ya buɗe ya share, ya sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma, ɗaga bayanta iska ta ratsa. Yi rendarin da dare, kuma tana jone da caja, don a kan baturi laftof yana rage ƙarfinsa.

In ka tara kuɗi kuma 3D ɗin ya zama sana'a, kwamfutar tebur nake ba ka shawara, ba wani laftof ba: ta fi shan iska, kuma kana sauya kayanta ɗaya-ɗaya. Nemi furosesa mai ƙwaya 6 ko fiye, RAM giga 16 zuwa 32, da katin Nvidia na jerin RTX, don Cycles yana cin moriyar OptiX a kansu, wato fasahar Nvidia mai hanzarta bin hanyar haske. Kula da ƙwaƙwalwar katin kansa, domin in zanenka ya fi ta girma aikin yana jan ƙafa ko ya tsaya. Giga 8 shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi, RTX 3060 mai giga 12 kuwa har yanzu yana biyan buƙata. Sai dai ita ba ta da baturi, don haka sa kuɗin ondila, na'urar da ke riƙe wuta na ƴan mintoci, cikin lissafin tun farko. In na hannu za ka saya, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka ta yi rendarin na rabin awa kana kallon zafinta.