Fili a Houston Ba Awon Igiya Ba Ne

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Houston ta jihar Texas ya aiko da tambaya. Yana da filin kasuwanci a bakin babban titi, shagonsa na gaba, bayan kuma fili ne babu gini. Yana son ya yanke filin bayan shagon ya sayar wa wani abokinsa, ya tura kuɗin Kano a ƙarasa gidan mahaifiyarsa. An ce masa Houston ba ta da dokar da ke ware unguwar kasuwa da ta zama, don haka abokin ya matsa a karɓi kafin alƙalami.

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Amma don Allah kada ka karɓi ko dala ɗaya tukuna.

Abin da aka gaya maka rabinsa gaskiya ne. Sau uku mutanen Houston suna ƙin waccan doka a ƙuri'a, a 1948 da 1962 da 1993. Sai dai raba fili yana da tasa dokar daban. Dokar ƙananan hukumomin Texas, babi na 212, ta ce mai son raba fili biyu ko fiye a cikin birni sai ya sa an zana taswirar rabon, wadda suke kira plat. A Houston babi na 42 na dokokin birni ne ya faɗi yadda za a yi. Safiyo mai lasisi zai auna ya zana, hukumar tsara birni ta amince, sannan a yi rajista a ofishin magatakardan gundumar da filin yake, galibi ta Harris. A gida mun saba da awon igiya: dillali ya ja igiya, a kafa bulo, mai unguwa ya sa hannu. A nan idan ka yi haka, abokinka zai je neman izinin gini ko haɗa ruwa a mayar da shi, kuma ƙofarka zai fara ƙwanƙwasawa.

Abin da ya fi damuna a filinka shi ne hanya. Ka ce shago ne a gaba. To ta ina mai baya zai shiga? Kowane yanki sai yana da mafita zuwa titi, ko kuma a rubuta masa haƙƙin wucewa ta cikin naka. Wannan haƙƙin yana bin filin ne. Ko abokinka ya sayar wa wanda ba ka taɓa gani ba, motocinsa ta gefen shagonka za su riƙa bi. Ka zauna da lauya a rubuta faɗin hanyar, da wanda zai gyara ta idan ta lalace. Amana tana nan, amma magada ba su san hirar da kuka yi ba.

Sai wurin ajiye motoci. Birni yana lissafa shi ne gwargwadon girman gini da irin sana'a, gidan abinci ya fi shagon kaya buƙata. Idan a bayan shagon kwastomominka ke faka mota, kana sayar da wurin shagonka na iya gaza ƙa'ida. A bakin manyan tituna kuma akan ja layin gini ƙafa 25 daga iyakar titi, wato ba a gini a cikin wannan tazarar. Bayan ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 an tsaurara dokar gini a wuraren da ruwa ke ci, don haka duba taswirar ambaliya kafin ka yanka farashi.

Ka ɗauko takardun da aka ba ka ranar saye, ka karanta. Sau da yawa akwai tsofaffin sharuɗɗa a jikin fili da suka hana raba shi ko wata sana'a a kai, kuma a Houston ana aiki da su sosai. Idan da bashin banki ka saya, filin duka jingina ne, sai banki ya saki yankin a rubuce.

Fara da safiyo, a makon nan. Hajiya kuma ka kira ta da kanka ka ce kuɗin na tafe amma sai bayan wasu watanni, kada a ɗauko siminti bashi da sunanka.