Shin Hawayena Suna Ƙona Mahaifiyata a Kabari?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Yamai, ina zaune a Bukoki da maigidana da ƴaƴanmu huɗu, ƙaramar tana shan nono. Wata huɗu ke nan da Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa a Tawa. Da asuba aka kira ni, na shiga mota, kafin mu wuce Dogonduci an riga an kai ta makwancinta. Ranar sadakar bakwai gwaggona ta same ni ina kuka, ta ce kowane ɗigon hawayena ruwan zafi ne ake zuba wa Inna a kabari. Tun daga ranar nake danne kukan. Na dawo na ci gaba da aiki da girki da hidimar yara, amma barci ya ƙaurace mini, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma ina yawan mafarkin Inna. Wata maƙwabciya ta ba ni wata ƴar ƙwaya da ake saye wurin masu tallar magani, yanzu mako shida ke nan ba na iya runtsawa sai na sha. Da gaske kukana yana cutar da ita? Kuma yaya zan riƙe gidana alhali ni kaina ban tsaya da ƙafafuna ba?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku juriyar rashinta.

Akwai abin da ba zai jira ƙarshen amsa ba: kada ki yanke shan ƙwayar nan lokaci guda a daren yau, kada kuma ki ƙara yawanta. Ki ɗauki sauran da ke hannunki ki kai wa likita gobe ko jibi, ki gaya masa kina shayarwa. Zan dawo kan dalili.

Ƙauracewar barci, da saurin fushi, da mantuwa, da mafarkin mamaci, duk abubuwa ne da muke sa ran gani ga wadda ta rasa uwa wata huɗu da suka wuce. Ga wadda kuma ba ta riski jana'iza ba, zuciya takan yi jinkirin yarda, domin ido bai ga likkafani ba. Tsakanin Yamai da Tawa akwai kilomita kusan 550, addini kuma ya yi umarni a gaggauta kai mamaci, saboda haka babu motar da za ta isar da ke a kan lokaci, kuma waɗanda suka rufe ta ba su jira ki ba sun yi abin da ya dace.

Maganar gwaggo ce nake so in daɗe a kanta, domin a ɗakin da nake duba marasa lafiya da wuya mako ya wuce ban ji ta ba. Wata ta ce an gaya mata hawaye garwashi ne, wata ta ce ruwan zafi, wata ta ce kabarin ne yake cika da ruwa har mamaci ya rasa inda zai kwanta. Ana faɗa wa mace wannan a cikin zaman makoki, a lokacin da ba ta da ƙarfin yin musu, ana faɗa da murya irin ta masu ilimi, ita kuma ta ɗauke shi ta tafi da shi gida ta riƙe shekara da shekaru.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma nassoshin wannan mas'ala a fili suke, kuma duk malamin da kika amince da iliminsa zai tabbatar miki da su. Lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake kan gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce, kai ma ya Manzon Allah? Ya amsa masa da cewa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Buhari ya ruwaito wannan. Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka, alhali ta rasu tun yana ɗan shekara 6. A ranar da ya je duba Sa'adu bin Ubada yana jinya, ya yi kuka, sahabbai suka yi, sai ya ce musu Allah ba ya azabtarwa saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, da wannan yake azabtarwa ko ya yi rahama, ya nuna harshensa.

To daga ina gwaggo ta samo tata? Akwai hadisi ingantacce da ya ce ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. Sai dai malamai da yawa sun fassara kukan da ake nufi da kururuwar jahiliyya, ta marin fuska da yaga tufafi da furta kalaman ƙin yarda da ƙaddara, musamman idan mamacin ne ya yi wasiyya da hakan ko ya yarda da shi a matsayin al'adar gidansa. Nana A'isha ma da aka kawo mata maganar ba ta karɓe ta a yadda aka faɗa ba, ta karanto ayar da ke cewa babu rai mai ɗaukar nauyin laifin wani. Matar da ta kulle kanta a ɗaki hawaye suna zubo mata tana cewa Allah ya jiƙan Inna, ina ta haɗu da mai yaga riga tana tsine wa ranar?

Haka ake yi da batun kwana uku, inda ake ce wa mace bai halatta ta yi baƙin cikin mamaci fiye da haka ba. Abin da aka iyakance wa mace kwana uku a kan wanda ba mijinta ba shi ne barin ado da ƙamshi irin na takaba, wanda na miji yake kai wata huɗu da kwana goma. Ba a ce zuciya ta rufe littafinta a rana ta huɗu ba. Annabi Yaƙubu, wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, shi ne kuma Suratu Yusuf ta ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, yana cewa ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Idan haƙuri da hawaye sun zauna a ƙirjin annabi guda ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba, ban ga hujjar da za a tsorata malamar firamare da ita ba.

Abin da ya sa nake kiran maganar mai haɗari shi ne abin da take yi wa jiki. Akwai mutanen da a ɗabi'arsu ba masu yawan kuka ba ne, kuma lafiyarsu ƙalau, don haka ba na cewa dole sai an yi kuka kafin a warke. Ɓarnar tana cikin tsoro. Wadda aka gaya wa cewa hawayenta azaba ne ga uwarta, duk lokacin da ta tuna uwar sai gabanta ya faɗi, ta shiga kokawa da kanta don kada ɗigo ya zubo, idan kuma ya kuɓuce mata sai ta kwana tana jin ta yi laifi. Ta wuni tana gadin idonta a aji da madafa da gaban miji, dare ya yi jiki ya ƙi sauka daga wannan tsaro. Daga nan sai ciwon kai, da bugun zuciya, da nauyin ƙirji, da zafin ciki, a yi ta awon jini ba a ga komai ba. A wannan gaɓa ce masu cin kasuwa da baƙin cikin mutane suke jira. Mai tallar magani yana da ƙwayar barci, mai ruƙiyyar kuɗi kuma da zarar ya ji an ambaci mafarkin mamaci sai ya ce aljani ne ya shiga siffarta, ko ya ce tana kiran ki ne, a kawo kaza da turare da jika kaza. Na ga matan da suka sayar da ƴan kunnensu a kan mafarkin da kusan duk wanda ya rasa uwa yake yi. Karatun Alƙur'ani da addu'a kina iya yin su da bakinki a kan tabarmarki, ba a biyan kowa.

Ƙwayar da kike sha ban gan ta ba, amma a abin da aka saba kawo mini daga hannun masu talla, yawanci diyazefam ce ko danginta, wani lokaci kuma a haɗa wa mutum da taramol da sunan maganin gajiya. Diyazefam tana sa barci, gaskiya ne, sai dai shan ta kullum na ƴan makonni ya isa jiki ya saba da ita, ya riƙa neman ƙari, kuma yanke ta kwatsam yana iya kawo rawar jiki da firgita da rashin barcin da ya fi na farko, har da farfaɗiya ga wasu. Shi ya sa likita ne zai rage miki ita sannu a hankali. Tana kuma bi ta nono, tana iya sa jaririya yawan barci da kasalar tsotso, uwar da ta sha ta kwanta da jaririya a gefenta kuma ba lallai ta farka a lokacin da ya kamata ba. Wannan duk idan abin da ke cikin ƙwayar shi ne abin da aka ce, domin maganin da ya wuni a cikin rana a kan tire, ba takarda ba kwali, mai sayar da shi ma bai san abin da yake sayarwa ba.

Batun riƙon gida ya fi sauƙi fiye da yadda kike tsoro. A 1999 wasu masana biyu na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana cewa mai jimami yana kai da komo ne tsakanin fuskantar rashin da ya yi da fuskantar hidimar rayuwa, kuma wannan kai da komon shi ne lafiya. Aji da tukunya da wankin yara suna ba zuciyarki hutu, kada ki ji kunya idan kin yi dariya da rana. Abin da kika rasa shi ne ɗaya ɓangaren, domin an toshe miki shi. Ki ware masa lokaci sananne, ko da minti ashirin bayan sallar isha idan yara sun kwanta, ki yi mata addu'a, ki tuna ta, abin da ya zo ya zo. Ki gaya wa maigida a fili abin da kike bukata, ko ya ɗauki kai yara makaranta, ko a samo wata daga dangi ta kama miki aiki na wata biyu, domin maza da yawa idan sun ga tuwo yana sauka a kan lokaci sai su ɗauka komai ya wuce. Yara kuma kada a ce musu kaka ta yi tafiya, don ƙananan za su yi ta jiran dawowarta. Ki ce musu Allah ya karɓi ranta, kina kewarta, shi ya sa wani lokaci suke ganin hawaye, kuma ba su ne suka ɓata miki rai ba. Yaron da ake yi wa tsawa bai san dalili ba, kansa yake ɗora wa laifi.

Shi dai wannan Sa'adu bin Ubada, mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, kamar yadda ya faru da ke. Ya tambayi Annabi ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa eh, ya ba da gonarsa. Ke ma kina da wannan ƙofa daidai ƙarfinki, ko randar ruwa ce a ƙofar makaranta.

Idan ya kai ga kin kasa tashi aiki, ko abinci ya fita ranki kina ramewa, ko kin shafe mako biyu babu abin da ke faranta miki rai ko kaɗan, ki koma wurin likita ba tare da jira ba. Idan tunanin bin ta ko cutar da kanki ya zo miki, a ranar za ki gaya wa wani babba a gida a kai ki asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ba ta kiran jimami ciwo sai ya wuce aƙalla wata 6 da tsanani yana hana mutum rayuwarsa, ya kuma zarce abin da al'adar mutanensa ta sani, don haka ke ba ki kai nan ba. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ina roƙon ki kada kalmar asibitin mahaukata da ake yaɗawa a unguwa ta hana ki zuwa. Masu faɗin haka ba su taɓa jin kunyar aika yaro sayen ƙwaya a bakin kasuwa ba.

Sauran magana ta masu zuwa gaisuwa ce. Da labarin rasuwar Ja'afar bin Abi Ɗalib, ɗan baffan Annabi, ya iso Madina, Annabi cewa ya yi a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Nana A'isha kuma idan an yi rasuwa a danginta takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba masu makoki. Mu kuwa mun juya abin: mu cika gidan mamaci, ƴaƴansa mata su ɗora mana tukunya, mu ci mu sha, sannan mu bar musu tsoron kabari a matsayin tukuici. Ku ji tsoron Allah, ku daina faɗin abin da ba ku tambayi malamai ba. Maƙwabciyar da ke son taimakon Malama ta karɓi yaran nan wuni guda, ta aiko da kwanon abinci, ta bar ƙwayarta a inda ta gan ta.

Gwaggo kuwa kada ki riƙe ta a zuciya, abin da aka tsorata ta da shi tun tana yarinya ta miƙo miki. Idan an yi babban hutu kin je Tawa, ki zauna da waɗanda suka yi jinyar Inna su ba ki labarin kwanakinta na ƙarshe, sannan ki samu gwaggo ita kaɗai ki karanta mata hadisin Ibrahim. Wataƙila ita ma akwai kukan tata uwar da ba a bar ta ta yi ba.