Idan farfelar wutsiya ta tsaya alhali jirgi mai saukar ungulu yana sama, me matuƙi zai yi?

Tambaya daga Gusau: Assalamu alaikum. Muna yawan ganin jirage masu saukar ungulu suna shawagi a nan. Wai idan ƙaramar farfelar nan ta wutsiya ta lalace, shi ke nan jirgin ya faɗo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba lallai ya faɗo ba, amma daƙiƙu kaɗan ne a hannun matuƙi.

Duk lokacin da inji ke juya babbar farfela, gangar jirgin takan nemi juyawa ta ɗaya ɓangaren. Farfelar wutsiya ce ke tare ta, matuƙi kuma yana sarrafa ta da feda biyu. In ta tsaya, hancin jirgin Amurka irin su Bell da Robinson sai ya karkata dama, na Rasha irin Mi-35 na sojojin samanmu kuwa hagu.

Tunda ƙarfin inji ne ke kawo juyin, maganin farko rage shi. Idan jirgin na tsaye dab da ƙasa, nan take matuƙi zai rufe totur, juyin ya lafa, sannan ya ɗaga sandar hannun hagu, wadda ke ƙara ko rage ƙarfin ɗaga jirgin, a hankali don kada a bugu da ƙasa. In yana cikin gudu, da sauƙi, domin faifan da ke tsaye a wutsiya yana daidaita shi muddin iska na bugunsa. Ƙa'idar Robinson R44 ita ce a sauke sandar, a riƙe gudun aƙalla kilomita 130 a awa, a zaɓi fili, a rufe totur. Iskar da ke ratsowa daga ƙasa ce za ta ci gaba da juya babbar farfela har a sauka. Babban kuskure shi ne ƙara wuta dab da ƙasa, don juyin zai dawo da ƙarfi.

In feda ce kawai ta cije, akan nemi dogon fili shimfiɗaɗɗe a sauka da gudu.

Akwai kuma wadda ba lalacewa ba ce. Gudu ƙasa da kilomita 55, kaya da nauyi, iska daga baya, ga zafin Afrilu da ke sirantar da iska, sai farfelar ta kasa riƙe jirgin. Wannan ce ta fi ba ni damuwa a yankinmu. A nan a taka fedar da ke tare juyin har ƙarshe, a tura hanci gaba a ƙara gudu.

Mafi muni shi ne ta faru a sama ba gudu. Haka aka yi a Ingila a 2018, lokacin da boris ɗin farfelar wutsiyar jirgin AW169 ya cije yana tashi daga filin ƙwallon Leicester City, mutum biyar suka rasu har da mai ƙungiyar. Shi ya sa kafin tashi ake duba man giyar wutsiya da boris, a kuma kawar da leda da tsumma daga filin.