Tun da muka bar cikin gari jinin maigidana ya hau

Tambaya: Likita, da muna cikin birnin Kano, da ƙafa maigidana yake zuwa masallaci da shagonsa a Kasuwar Kurmi. Bara muka koma sabuwar unguwa a bayan gari, inda komai sai an hau mota ko adaidaita sahu. An auna jininsa 162/100, aka ɗora shi kan ƙwayar hawan jini mai suna amlodipine. Yanzu ya fara tattaki bayan asuba, ya ce ya ajiye ƙwayar. Hankalina a tashe yake. Unguwar ce ta jawo? Tattakin zai wadatar?

Amsa: Hajiya, unguwar tana da hannu. A cikin gari mutum yana tattaki ba tare da ya yi niyya ba, tunda masallaci da kasuwa da gidan ɗan'uwa duk kusa suke. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan mazauna Ontario a Kanada ya gano cewa waɗanda suka koma unguwar da ake biyan buƙatu da ƙafa, haɗarin kamuwarsu da hawan jini bai kai rabin na waɗanda suka koma unguwar da sai da mota ba. Amma shekaru, gado, ƙiba da gishiri ma suna ciki.

Ajiye ƙwayar shi ne abin tsoro. Tattaki mai sauri, minti 30 a rana, kwana 5 a mako, yakan sauke lambar sama ta awon jini (wato 162 ɗin nan) da kamar 5 zuwa 8. Ki cire 8 daga 162, saura 154, alhali ana so ya sauka ƙasa da 140/90. Amlodipine riƙe jinin yake yi, ba ya warkar da ciwon. In aka daina, cikin 'yan kwanaki jinin ya koma inda yake. Kullum sai mun ji "ai ba na ciwon kai, jikina garau". Hawan jini galibi ba ya nuna alama. Yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya a ɓoye, sai ranar da aka kawo mutum baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Ga masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa suna rantsuwa jarka ɗaya za ta raba mutum da ciwon har abada. Ƙarya suke yi, kuma ranar da aka kwantar da shi ba za ki ga ko ɗayansu a asibiti ba.

Ya kamata maigidanki ya koma kan maganinsa yau, ya ci gaba da tattakin, da saurin da zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ƙaru. Ya bi layukan cikin unguwa, ya kauce wa babban titi saboda hayaƙi da rashin gefen masu tafiya a ƙasa. Ki rage gishiri da dunƙule a miya. Duka gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya. Ku riƙa aunawa safe da yamma na mako guda, bayan ya zauna minti 5, ku rubuta ku kai wa likitansa, shi kaɗai zai rage ƙwayar in lambobin sun ba da dama. In awon ya kai 180/120, ko ya ji ciwon ƙirji, ko magana ta sarƙe, ku tafi asibiti nan take.