Wa ke sa wa wasannin bidiyo alamar shekaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 12 ya matsa mini in saya masa wani wasan bidiyo, sai na ga harafin M a jikin kwalinsa. Gwamnati ce ke sa wannan alama, kuma zan iya dogara da ita? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Harafin M na nufin wasan na 'yan shekara 17 zuwa sama ne, saboda haka ki dakata da sayensa.

Alamar ba ta gwamnati ba ce. Hukumar ESRB ce ke sa ta, wadda kamfanonin wasanni na Amurka suka kafa da kansu a 1994, bayan Majalisar Dattawan ƙasar ta yi zama a ƙarshen 1993 kan zubar da jinin da ke cikin wasanni irin su Mortal Kombat, inda sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka nuna musu cewa in ba su sa wa kansu linzami ba, doka za ta sa musu. Turai na da nata tsarin, PEGI, tun 2003, mai amfani da lambobin 3, 7, 12, 16 da 18.

Batun dogaro kuwa, akwai inda gizo ke saƙar. Kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ne ke cike takarda ya kuma aika bidiyon abin da ke ciki, masu tantancewa su yi hukunci a kan abin da aka nuna musu. A 2005 an gano wani ɓangaren batsa da aka ɓoye a cikin Grand Theft Auto: San Andreas, aka mayar da shi na manya zalla, manyan shaguna suka janye shi. Tsoron irin wannan asara na sa kamfanoni faɗin gaskiya, shi ya sa nake ganin alamar abin dogaro ce game da jini, batsa da ashar da ke cikin wasan kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda alamar ba ta aunawa, wato hirar da yaro ke yi da baƙi ta intanet yana cikin wasa. Wasannin waya kuma, a Google Play amsoshin da wanda ya ƙirƙiri wasan ya cike a takardar tambayoyi ne ke fitar da alamarsu nan take. Ki juya bayan kwalin ki karanta dalilan da aka jera, sannan ki shiga saitin na'urar ki rufe hira da sayayya da lambar sirrin da ke kaɗai kika sani.