Tambaya da Amsa: In Bar Ɗana Ya Koyi Kiɗa a Situdiyon Unguwarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a unguwar Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Ɗana na biyu, mai shekara 9, ba ya ganin bokiti ko faranti ko murfin tukunya ya wuce bai buga ba, har malaminsu na aji ya taɓa kawo mini ƙararsa saboda kiɗan benci. Kwanan nan wani matashi ya buɗe situdiyo kusa da mu, yana koya wa yara fiyano da kalangu, kuma ya ce mini kiɗa yana buɗe ƙwaƙwalwa har yaro ya riƙa cin lissafi. Maigidana bai hana ba, amma yana tsoron kada abin ya ɗauke hankalin yaron daga karatu. Kakarsa kuwa cewa ta yi a zuriyarsu ba a taɓa yin maroƙi ba. Shin akwai amfanin da zai sa in biya kuɗin wannan darasi?

Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Akwai amfani ƙwarai, kuma irin yaron da kika kwatanta shi ne ya fi cin moriyar darasin. Sai dai ina so ki fara ajiye maganar lissafin nan gefe guda, domin idan a kanta kika ɗora niyyarki, kina iya cire yaron da zarar sakamakon jarrabawa ya fito bai canza ba, alhali yana samun wani abu mai daraja da ba ki lura da shi ba.

Maganar cewa kiɗa yana ƙara basira ta yi ƙarfi ne tun 1993, lokacin da wasu masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka sa ɗaliban jami'a sauraren kiɗan wani tsohon makaɗin Turai na minti 10, sannan suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin siffofi. Waɗanda aka gwada manya ne, kuma tasirin bai wuce kwata na awa ba. A 2004 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Toronto ta Kanada da yara 144 'yan shekara 6, inda wasu suka yi makonni 36 suna koyon fiyano ko rera waƙa, wasu wasan kwaikwayo, wasu kuma ba a ba su komai ba. Masu darasin kiɗa sun ɗara sauran a gwajin basira, amma tazarar ba ta kai maki 3 ba. Daga baya, a 2020, wasu masana biyu suka tattaro bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka nuna cewa duk inda aka tsara gwajin da kyau, ba a ganin wani tasiri na a zo a gani a kan lissafi ko karatu. Ba na zargin matashin nan da yaudara, domin magana ce da ta yaɗu a duniya, amma ba ita ce hujjarki ba.

Hujjarki ta farko tana cikin kunnen yaron. Ki je ki zauna ranar da za a fara rataya masa kalangu ki gani da idonki. Zai maƙale shi a hammata, ya bugi fatar da 'yar sandar nan mai lanƙwasa, ya ji sauti ɗaya yana ta maimaituwa. Sai malamin ya ce ya matse igiyoyin da damtsensa, nan take sautin ya hau, idan ya sassauta kuma ya sauko. Daga ranar zai fara farautar sautin da malamin ya buga masa, yana matsewa yana saki, yana karkata kai yana saurare, har ya kamo shi. Wannan aiki ne na rarrabe abin da kunne ya ji, kuma Hausa harshe ne da aka gina a kan hawa da saukar murya, mai karin sama da karin ƙasa da faɗau, ga dogon wasali da gajere. Shi ya sa kalangu yake iya kiran mutum da takensa a tsakiyar taro, mutumin ya waiwayo. Yaron da ya saba da wannan saurare yana jin nauyin gaɓa a jikinsa tun kafin a koya masa karin rubutacciyar waƙa a sakandare, kuma yana jin lokacin da shi kansa ya kauce, wanda shi ne matakin farko na gyara kowane irin aiki.

Abu na biyu shi ne haƙuri, kuma a ganina shi ne ya fi komai tsada a wannan zamani da waya ta saba wa yara da samun abu nan take. A fiyano hannun dama yana tafiya da karin waƙar, na hagu yana riƙe da ma'aunin kiɗan, kuma a makonnin farko hannayen ba sa yarda su rabu, duk inda ɗaya ya nufa sai ɗayan ya bi shi. Yaro zai maimaita layi ɗaya har ya gaji, ya yi fushi, ya dawo washegari, sai wata rana abin ya zauna. Ranar da ya zauna, ya gane da kansa cewa abin da ya gagare shi jiya yana iya sallamawa idan aka nace masa. Ba zan yi miki alkawarin wannan zai koma maki a jarrabawa ba, amma hali ne da kowace uwa take so ɗanta ya tashi da shi. Idan kuma ana haɗa su su yi kiɗa tare, zai koyi jiran lokacinsa, ya koyi cewa mai amshi ba ya rigan mai bayarwa, ya kuma saba da tsayawa gaban mutane ba tare da jikinsa yana ɓari ba.

Duk wannan ya dogara ne a kan malamin, kuma a nan nake so ki buɗe ido sosai. Yawancin situdiyon da muke da su wuraren ɗaukar waƙa ne, an kafa su domin mawaƙa da masu tallace-tallace, kuma iya haɗa kiɗa a kwamfuta daban yake da iya koyar da ƙaramin yaro. Fiyanon da ake amfani da shi a irin waɗannan wurare, mai maɓallai 61 galibi, yana zuwa da kaɗe-kaɗe da aka riga aka shirya a cikinsa, ta yadda yaro zai danna maɓalli da yatsa ɗaya, ɗaki ya cika da ganguna da sarewa kamar gwani ne ya zauna. Iyaye su yi ta murna, alhali na'ura ce take kiɗan. Ki roƙi malamin ya kashe wannan, ya sa wani ɗalibinsa da ya yi wata uku ko huɗu ya buga miki wani abu da hannayensa biyu. Ki tambayi yaron ya nuna miki yadda maɓallan suke maimaituwa, farare 7 da baƙaƙe 5 a kowane rukuni. Idan ya iya, akwai koyarwa a wurin. Ki kuma lura da su wane ne suke shiga da fita, ko ana shan sigari ko abin da ya fi ta a bakin ƙofa, ko darasin yara yana da lokacinsa daban da na manyan da suke zuwa ɗaukar waƙa, da kuma ko an yarda uwa ta shiga ta zauna duk lokacin da ta ga dama. Malamin da ya hana ki zama, kada ki bar masa ɗanki.

Akwai kuma batun lafiyar kunne, wanda iyaye ba su cika tunawa da shi ba. Ɗakin situdiyo ƙarami ne, a rufe yake, ga lasifika masu ƙarfi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga masu sauraro da na'urar kunne shi ne kada ƙarar ta wuce desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ga manya, desibel 75 ga yara, kuma ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan ƙara ta lalata su ba sa sake tohowa. Ba sai kin nemi na'urar awo ba. Idan sai kin ɗaga murya kafin wanda yake kusa da ke ya ji ki, ƙarar ta yi yawa, haka nan idan yaron ya dawo gida yana cewa kunnensa yana ƙugi.

Tsoron maigida yana kan hanya, kuma maganinsa tsari ne. Tunda yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, a sa darasin ranar Alhamis da yamma, yadda ba zai ci karo da hadda ba. A gida kuma minti 15 zuwa 20 kullum, bayan an gama aikin makaranta, sun fi awa biyu a rana ɗaya amfani. Ku gwada zango guda, ku gaya wa yaron tun farko cewa ci gaban darasin yana tare da riƙon karatunsa. Kada a yi gaggawar sayen fiyano kafin a ga ɗorewarsa.

Ita kuwa kaka, a bi ta da ladabi, domin maganarta tana da tushe. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kowane rukuni da kayansa: kalangu na mahauta, tambari da kakaki da algaita na fada, irin waɗanda muke ji a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah, kuma an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo. Abin da za a nuna mata shi ne jikanta ilimi zai je nema da kuɗin iyayensa, ba yawon biki zai shiga ba. Ana iya tuna mata cewa marigayi Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, bai gaji waƙa ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa saboda hidimar da ya yi wa harshen Hausa. Gara mahaifin yaron ya je ya yi mata wannan bayani da kansa, a ɗakinta, kafin a kai yaron, kada ta ji labari a bakin maƙwabta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. 'Yata mai shekara 11 ita ce take bayar da waƙa duk lokacin da Islamiyyarsu take walimar sauka, kuma ta matsa mini in kai ta inda za a koya mata sarrafa murya. Abu biyu ne suke damuna: hukuncin kiɗa a addini, da kuma shigar 'ya mace situdiyo. Mece ce shawararka?

Daga wani mahaifi, Daura.

AMSA: Barka kadai, Alhaji, Allah ya shirya mana zuriya. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta a kan kayan kiɗa masu tsarkiya da na busawa, suka yi rangwame ga ganga mai fuska ɗaya, irin mandiri, a lokacin biki da Idi, bisa hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim game da 'yan mata biyu da suke waƙa a ɗakinta ranar Idi. Wasu kuma, kamar Ibn Hazm na Andalus, sun tafi a kan halasci matuƙar babu alfasha a ciki. Fatawa ba aikin wannan fili ba ce, don haka ka kai tambayar gaban malamin da kake ɗaukar karatu a wurinsa, ka faɗa masa ainihin abin da yarinyar za ta koya.

Ina jaddada ainihin abin ne saboda darasin murya ba ya bukatar kayan kiɗa ko ɗaya. Abin da ake koyarwa shi ne jan numfashi daga ciki maimakon ɗaga kafaɗu, raba numfashin ya kai ƙarshen baiti, buɗe baki yadda kalmomi za su fito sarai, da ɗumama murya kafin a fara. Yarinyar da take bayar da waƙa a fili, sau da yawa ba tare da lasifika ba, tana bukatar wannan ilimi domin kare kanta, saboda yawan ƙwala murya yana iya haifar da ƙullutu a igiyoyin murya. Idan ka ji muryarta ta dushe har tsawon mako biyu ko uku ba ta washe ba, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za a kai ta, a dakatar da rerawa tukuna.

Game da wuri, ba dole ne darasin ya kasance a cikin situdiyo ba. Ka nemi malama mace idan da hali, ko a yi shi a harabar Islamiyyar tare da 'yan amshinta, da rana, ƙofa a buɗe, mahaifiyarta ko yayarta tana zaune. Idan ta kai matakin da za a ɗauki muryarta, ka raka ta da kanka, ka ce a kashe manhajar gyaran murya domin ta ji muryarta ta gaskiya ta san inda za ta gyara. Ka kuma yi yarjejeniya da mai situdiyon tun kafin a kunna na'ura cewa ba za a ɗora murya ko hoton yarinyar a TikTok ko Facebook ba sai da izininka, kuma a miƙa maka abin da aka ɗauka a goge sauran a gabanka.